Wane ciwo ake kai wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro?

Baban Yara:

Assalamu alaikum jama'a. Masu ilimin abin, don Allah a taimaka da bayani. A manyan asibitoci akan ga ƙofa an rubuta ENT, a ce nan ne wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Me ya haɗa waɗannan uku har likita ɗaya ke duba su, alhali ido da haƙori kowanne da nasa likitan? Magani kawai yake rubutawa ko har tiyata yana yi? Sannan wane ciwo ne za a iya kai wa asibitin unguwa, wane ne kuma dole a wuce wurinsa kai tsaye? Na fi son a yi magana kan yara: kunne mai zubar da ruwa, minshari, haɓo lokacin hunturu, da cire belu da har yanzu ake yi.

Likitan Tudu:

Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ya haɗa su hanya ce guda. A can bayan hanci akwai wani fili da ke gangarawa maƙogwaro, kuma daga wannan filin wani siririn bututu ya tashi ta kowane gefe ya shiga kunnen tsakiya, wato ɗan ɗakin iskan da ke bayan dodon kunne. Aikinsa daidaita iska da fitar da danshi. Shi ne ke buɗewa ka ji kunnenka ya saki idan ka haɗiye yawu mota na hawan tudun Jos. Da mura ta kumbura hanci sai bututun ya toshe, ruwa ya taru bayan dodon kunne, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. A jikin yaro bututun gajere ne kuma kusan a kwance yake, shi ya sa ciwon kunne ya fi addabar ƙananan yara. Don haka in ka kai kunne ka ga likita yana leƙa hanci da baki, ba ɓata lokaci yake yi ba. Har ila yau jijiyoyin wurin a haɗe suke: babba zai zo da ciwon kunne, a duba kunnen garau, ashe matsalar a haƙori take, ko a gindin harshe, ko a maƙogwaro.

Likitan tiyata ne cikakke. Bayan shekara 6 a jami'a da shekara ɗaya ta horon asibiti, sai ya ƙara kimanin shekara 5 zuwa 6 yana koyon wannan fanni kaɗai, ya ci jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas. Daga nan wasu kan ƙara zurfi a ɓangare guda. Akwai wanda ya tsaya kan kunne da jiri, akwai na hanci da kogunan iskan da ke cikin ƙashin fuska, akwai na murya da haɗiya, akwai na ƙari da ciwon daji na kai da wuya, akwai na yara. A yawancin asibitocinmu dai mutum ɗaya ne ke ɗauke da duka, saboda ba su da yawa. Za ka same su a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda duk da sunanta tana duba hanci da maƙogwaro, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Sakkwato, Maiduguri da Jos.

Bari in tsaya kan kunne mai zubar da ruwa, don nan aka fi yin asara. Yakan fara ne da zazzaɓi da kuka da dare, yaro yana jan kunne. Mugunya ce ta taru tana tura dodon kunne. Idan ya fashe sai ruwan ya fito, zafin ya lafa, uwa ta ce an samu sauƙi. Sau da yawa hujin yakan rufe da kansa cikin 'yan makonni. Amma idan ruwan ya wuce mako biyu yana fita, ciwon ya zama na zaune, kuma maganin sha shi kaɗai ba ya kashe shi.

Abin da ke aiki shi ne busar da kunnen kafin a ɗiga magani. A samu tsumma mai tsabta mai shan ruwa ko takardar goge hannu mai ƙarfi, a murɗa ta ta yi tsini, a sa a bakin kunnen ta tsotse ruwan, a cire, a sake da sabuwa har sai ta fito a bushe. Sau uku a rana. Bayan nan ne ake ɗiga maganin da likita ya rubuta, galibi siprofuloksasin na kunne, na kimanin mako biyu. Yaro ya kwanta kunnen yana sama, a ja fatar kunnen baya (ga babba sama da baya, ga ƙaramin yaro ƙasa da baya), a ɗiga, a danna ɗan tudun naman da ke gaban ramin sau huɗu ko biyar don maganin ya shige, ya yi minti biyar a kwance. Wanda ya ɗiga magani a kan mugunya, maganin bai taɓa wurin ciwon ba, ya dawo waje ne tare da ita. Wajen wanka a toshe kunnen da auduga da aka shafa wa Vaseline, kuma babu iyo a kududdufi ko rafi.

A guji sayen maganin ɗigawa a kemis ba tare da an leƙa kunnen ba. Wasu na ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin, waɗanda in dodon kunne a huje yake za su iya ratsawa ciki su lalata ji. Haka ruwan ganye, manja da turare.

Idan kunnen ya bushe amma hujin ya ƙi rufewa, ana yi masa faci da wata siririyar fata da ake ɗebowa daga saman tsokar da ke bisa kunnen, ko da guringuntsin kunnen kansa. Wanda ya fi haɗari shi ne mai ruwa kaɗan amma mai ɗoyi sosai, wanda magani ba ya tsayar da shi. Sau da yawa fata ce ta shiga inda bai kamata ba tana taruwa tana cin ƙashi a hankali, kuma wannan sai tiyata. Tsakanin kunnen tsakiya da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri, kuma jijiyar da ke motsa fuska ta nan ta ratsa. Saboda haka mai kunnen ruwa da ya samu kumburi mai zafi a bayan kunne, ko bakinsa ya karkace, ko jiri da amai, ko matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya, a ranar ake kai shi.

Dauɗar kunne kuwa ba ƙazanta ba ce, kariya ce, kuma kunne na turo ta waje da kansa. Ramin kunnen babba bai wuce santimita biyu da rabi ba. Tsinken auduga, ashana, gashin kaza da murfin biro tura ta ciki suke yi su danƙare ta, wani lokaci su huda dodon kunne. Mari ma na huda shi. Irin wannan hujin yakan warke cikin mako 6 zuwa 8 in an bar shi a bushe ba a ɗiga komai ba, amma a kai a duba.

Malama Nas:

Likita ya gama da kunne, ni bari in ɗauki hanci da abubuwan da yara ke cusawa.

Haɓo: mafi yawansa daga gaban bangon da ya raba kafofin hanci yake fitowa, inda ƙananan jijiyoyin jini suka haɗu a ƙarƙashin fata mai laushi. Iskar hunturu ta busar da wurin, ya tsage, yaro ya sa farce ya ƙarasa. Abin da aka saba, a ɗaga kai sama a zuba ruwa a ka, kuskure ne. Jinin ba tsayawa ya yi ba, gangarawa ciki yake, daga baya a yi amansa. A zaunar da mutum ya ɗan sunkuyo, a matse ɓangaren hanci mai laushi, ba ƙashin sama ba, da yatsa biyu, ya yi numfashi ta baki. Minti 10 zuwa 15 a agogo ba tare da sakewa ana leƙawa ba, don duk leƙawa ɗaya tana ɓalle gudan jinin da ya fara toshewa. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, asibiti. A can akan ƙona bakin jijiyar da wani ɗan tsinken magani, ko a cusa abin toshewa na kwana ɗaya zuwa biyu. Rigakafin kuwa a shafa Vaseline kaɗan a cikin kafar hanci safe da dare, a yanke wa yaro farce.

Haɓon da ba a wasa da shi: na dattijo mai hawan jini ko mai shan asfirin, wanda jinin ke bin maƙogwaro ko an matse hanci, na yaron da ke da tabon jini a fata ko dasashinsa na jini, da na saurayi ɗan shekara goma sha wani abu da kafa ɗaya ta toshe masa kuma jinin na zuwa da yawa a kai a kai. Wannan na ƙarshe akwai wani ƙari mai cike da jijiyoyin jini da ke fitowa a bayan hancin samari maza, kuma ba a taɓa shi sai an yi hoto.

Yaron da kafar hancinsa ɗaya tak ke fitar da majina mai wari, a ɗauka akwai abu a ciki har sai an tabbatar babu: soso, dutsen ado, ƙwayar masara, takarda. Idan an ga lokacin da ya sa, uwa za ta iya gwada dabara ɗaya: ta toshe kafar da ke lafiya da yatsa, ta rufe bakinsa da nata, ta hura sau ɗaya da ɗan ƙarfi. In ya fito shi ke nan. In bai fito ba kada a bi shi da tsinke ko hantsaki, don turawa baya ake yi, kuma daga baya hanyar huhu ce.

A kunne, wake da masara da gero ba a zuba musu ruwa, kumbura suke yi su cika ramin. Ƙwaro mai rai kuma, kyankyaso ko tururuwa, a ɗiga man zaitun ko man gyaɗa mai tsabta wanda ba a ɗumama ba, ya mutu ya daina motsi, sannan a je a cire shi da safe.

Wanda ba ya jiran safe shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli na agogo da fitilar wasan yara. A hanci yana huda bango cikin sa'o'i, a maƙoshi kuma yana fara ƙona nama cikin kamar awa biyu. Idan yaro ya haɗiye shi kuma ya haura shekara ɗaya, ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma a kan hanyar asibiti, kada ya wuce sau shida. Zumar rage ɓarna take yi, ba ta cire shi. Ba a sa shi amai.

Sai maganin ɗigawa na buɗe hanci irin su Otrivin. Yana aiki cikin mintuna, shi ya sa ake son sa, amma in an wuce kwana 5 zuwa 7 hancin yakan saba, ya riƙa toshewa fiye da da duk sanda maganin ya sake shi. Akwai masu yawo da kwalbar a aljihu shekara da shekaru. Mai atishawa da ƙaiƙayin hanci saboda ƙura, abin da ya dace da shi shi ne feshin hanci mai sitiroyid da likita zai rubuta, wanda sai an yi mako ɗaya zuwa biyu kullum kafin a ga amfaninsa, kuma a fesa ana karkata bakin kwalbar wajen kunne, ba wajen bangon tsakiya ba. A haɗa da wanke hanci: rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe. Mura ta yau da kullum kan kai kwana goma, kuma koren majina shi kaɗai ba dalilin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne. Amma mura da fatar ido ta kumbura tare da ita, musamman a yaro, ta gaggawa ce.

Cire belu kuwa, Malam, belu ba cuta ba ne. Kowa da shi aka haife shi, kuma yana taimaka wa ganɗa ta rufe hanyar hanci lokacin haɗiya. In maƙogwaro ya kamu yakan kumbura, in ciwon ya tafi ya koma yadda yake. Jariri mai kilo uku duk jinin jikinsa kimanin mililita 250 ne, rabin ledar fiya wata ke nan, kuma a makon farko jininsa bai gama iya daskarewa ba. Ga shi jinin wurin ba waje yake zuba a gani ba, haɗiye shi yake yi. Bayan wannan akwai tetanus da ciwon hanta da ƙanjamau daga ƙarfen da ba a dafa ba, akwai guntun naman ya faɗa hanyar numfashi, akwai a haɗa da ganɗa a yanke, nono ya riƙa fitowa ta hanci. Wanzamai da dama sun yarda su yi askin suna su bar belu in maigida ya yi musu magana tun da wuri. Matsin ya fi zuwa daga kakanni, su ya kamata a fara shawo kansu.

Likitan Tudu:

Ƙari kan maganar Malama game da ɗiga mai don ƙwaro: wannan ga kunne mai lafiya ne. Wanda aka san dodon kunnensa a huje yake ko yana zubar da ruwa, kada a zuba masa komai, a kai shi haka nan.

Mai Awon Ji:

Akwai ɓangaren da mai tambaya bai ambata ba, kuma shi ne ya fi tafiya a ɓoye: rashin ji. Likitan ba shi kaɗai yake aiki ba, yana tare da mai awon ji da mai koyar da magana.

Can cikin kunne akwai wani naɗaɗɗen bututu mai ruwa, da dubban ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke mai da sauti saƙon jijiya. Waɗannan in sun mutu ba sa sake tsirowa. Don haka rashin ji iri biyu ne. Wanda sauti ya kasa isa ciki saboda dauɗa, ruwa ko huji, yawanci ana gyara shi. Wanda ƙwayoyin ko jijiyar suka lalace, sai dai na'ura. Awo ne ke bambanta su. Ana sa wa mutum abin ji a ɗaki marar hayaniya, a gwada shi da sautuka daga mai kauri zuwa siriri, a rubuta mafi ƙanƙantar abin da ya ji a ma'aunin desibel. Ƙasa da 20 lafiya lau. Ya haura 35 a kunnen da ya fi ji, Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukarsa rashin ji mai hana harkokin yau da kullum.

Jariri ba ya buƙatar ya amsa. Akwai ɗan abin da ake sa masa a kunne yana barci, cikin mintuna a san ko kunnen ciki na aiki, akwai kuma wani awon da ake manna wayoyi a kai a ga ko saƙon na isa ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da ake bi: a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa na koyon magana ne a shekarun farko, kuma yaron da ba ya ji ba zai yi magana ba ko da harshensa lafiya ƙalau. A gida a lura: jariri ya razana in an buga ƙofa, wajen wata shida ya juya inda aka kira shi, wajen shekara ɗaya ya fara kalma, wajen shekara biyu ya haɗa kalma biyu. Maganar nan ta "babansa ma bai yi magana da wuri ba" ta jawo wa yara da yawa asarar shekarun da ba sa dawowa. Kuma kada a gwada shi da tafi a gabansa, yaron da ba ya ji idonsa kaifi gare shi, motsin hannun zai bi.

Waɗanda dole a yi wa awo ko ba a ga alama ba: duk wanda ya tashi daga sanƙarau, da wanda ya yi ƙyanda ko hangum, da jaririn da shawara ta kama shi sosai ko aka haife shi bakwaini ko bai yi kuka da wuri ba, da wanda aka yi wa allurar jentamaisin ko sitireptomaisin na kwanaki. Na sanƙarau a yi shi cikin wata guda da sallama, saboda bayan cutar kunnen ciki kan iya cikewa da ƙashi, kuma in hakan ta faru dashen na'urar ji ta cikin kunne yakan yi wuya. Zazzaɓin Lassa ma na kurumtar da kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka rayu, kodayake wasu jin yakan ɗan dawo.

Manya kuma hayaniya ke cin su. Desibel 85 awa takwas ne iyakarsa a rana, kuma duk ƙarin 3 na raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kwata ɗaya na awa. Mai injin niƙa, mai yankan katako, maƙeri, mai kwana kusa da janareta, duk suna ciki. Hanyar ganewa mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin ya wuce ƙima. Siraran sautuka ke fara tafiya, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman a kasuwa. Auduga ba ta tare hayaniya yadda ya kamata, sai matoshin kunne na roba.

Wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif ba ciwo ba ruwa, kada ya ce dauɗa ce ya zauna. In jijiya ce, maganin sitiroyid na da amfani ne in an fara cikin mako biyu, kuma gara kwanakin farko. Na'urar ji kuwa ana saita ta ne daidai da sakamakon awon mutum. Wadda ake saya a kasuwa duk sauti take ƙarawa har da hayaniya, bayan mako guda a jefa ta cikin durowa. Yaron da na'ura ba za ta wadatar da shi ba, a sa shi maganar hannu da wuri a kai shi makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, kada a ajiye shi a gida.

Baban Yara:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura batun minshari, Likita. Kuma yaushe ne ake cewa lallai sai an cire tonsil? Mutane na tsoron aikin.

Likitan Tudu:

Amin, Malam. Yaro mai lafiya ba ya minshari kullum. In yana yi, yawanci nama biyu ne suka yi girma: tonsil, waɗanda ake gani a gefe da gefe in an buɗe baki, da wani ɗan'uwansu da ke ɓoye a bayan hanci wanda ba a ganinsa sai da siririyar kyamara ko hoto. Sukan fi girma tsakanin shekara 3 zuwa 7, sannan su fara janyewa. Ka tsaya kansa yana barci ka duba. In baki a buɗe yake, yana ta juyi, ƙirji na lotsawa, numfashi na ɗaukewa na 'yan daƙiƙu sannan ya ja da ƙarfi, to iska ba ta isarsa. Irin wannan yaro zai riƙa fitsarin kwance, ya ƙi girma, ya kasa natsuwa a aji, in abin ya daɗe har zuciya yakan taɓa. Ɗauki bidiyon minti biyu a waya ka tafi da shi, don a ɗakin likita idonsa biyu, ba za a ga komai ba. Wannan shi ne babban dalilin aiki na farko.

Na biyu yawan kamuwa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi: ciwon tonsil na gaske mai zazzaɓi sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara shekara biyu a jere, ko sau 3 a kowace shekara shekara uku a jere. Ƙasa da haka haƙuri ya fi, domin yakan ragu da girma. Abin da ya fi muhimmanci a nan, in an rubuta fenisilin ko amoksisilin na kwana 10 a cika goman. Ƙwayar cutar da ke kawo wani nau'in ciwon maƙogwaro in ba a kashe ta ba tana iya jawo ciwon gaɓoɓi da lalacewar ƙofofin zuciya bayan makonni.

Aikin ta baki ake yinsa, babu yanka a wuya, yaro na cikin barcin allura, kuma bai cika kai awa ɗaya ba. Kafin nan ana duba yawan jini da daskarewarsa da jinsin jini, don mai sikila yana buƙatar shiri na musamman. A daina abinci awa shida kafin a shiga. Bayan aiki zafi kan kai kwana 10 zuwa 14, har a kunne ake jinsa. A ba da farasitamol a kan lokaci ba sai ya yi kuka ba, kada a ba da asfirin, ya sha ruwa sosai ya ci abinci, don taunawa da haɗiya na share wurin. Farin abin da za a gani a gurbin ba mugunya ba ce, ɓawon warkewa ne. Haɗarin gaske zubar jini ne, ko a ranar farko ko tsakanin kwana 5 zuwa 10 lokacin da ɓawon ke faɗuwa. Duk jan jinin da aka gani, ko yaro yana ta haɗiya ba dalili, a koma ko tsakar dare ne. Saboda haka kada a yi tafiya ƙauye mai nisa da asibiti cikin mako biyun nan.

Kada a rikita tonsil da mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023. Shi wani fatsi-fatsin yaɓi ne mai ruwan toka da ke manne a maƙogwaro, in an kankare ya yi jini, wuya ya kumbura, numfashi ya riƙa ƙara. Ba a kankare shi, ba a kai wa wanzami, a keɓe yaron a garzaya da shi. Allurar rigakafin mako 6, 10 da 14 ke hana shi.

Tunda an zo maƙogwaro, abu uku na manya. Dishewar murya da ta wuce mako uku zuwa huɗu sai an leƙa akwatin murya da kyamara. A malamin makaranta, ladan ko ɗan kamasho yawanci kanta ce ta fito a igiyoyin murya saboda yawan ɗaga ta, kuma hutu da koyon sarrafa murya ke gyara ta. A mai shan taba da ya haura arba'in, ciwon daji ake fara kawarwa, kuma in an kama shi yana kan igiyar murya kaɗai ana warkewa. Yaro mai disasshiyar murya da numfashi mai ƙara da aka daɗe ana yi wa maganin asma ba sauƙi, shi ma a leƙa, akwai wasu tsiro da ke fitowa a wurin. Sai ƙullutu a wuya da ya wuce mako uku: yana iya zama maƙoƙo, ko tarin fuka na kaluluwa, ko daji da ya taso daga bayan hanci. Kada a tsaga, kada a yi sakiya. Da siririyar allura ake ɗebo ɗan abin ciki a auna. Na uku, abinci da ke tsayawa a wuya yana ƙaruwa wata bayan wata tare da rama.

Gyaɗa kuma kada a ba yaron da bai kai shekara huɗu ba ƙwayarta guda-guda, ɗanya ce ko soyayya. In ya shaƙe ya yi tari ya koma wasa, ba lallai ta fita ba. Takan sauka reshen huhu, galibi na dama, bayan kwanaki a ga tari da zazzaɓi da ba sa jin magani. A gaya wa likita an taɓa shaƙewa, wannan maganar ce ke sa a shiga da madubi a ciro ta. Yaron da ya sha sodar yin sabulu ba a ba shi manja ba a sa shi amai, don ta ƙona hanya tana shiga, za ta sake ƙonawa tana fita.

Ɗan Damagaram:

Ga 'yan'uwa na Nijar, a ƙofar za ku ga an rubuta ORL ne, kuma akwai sashen a babban asibitin ƙasa na Yamai da na Damagaram. Ko'ina dai aka je, a tafi da takardar turawa daga ƙaramin asibiti, da kwalaben duk abin da aka ɗiga ko aka sha, har na gargajiya, da tsohon sakamakon awon ji in akwai.

Ba a taɓo jiri ba. Wanda ɗaki ke juya masa na ƙasa da minti ɗaya duk sanda ya juya a shimfiɗa ko ya ɗaga kai, sau da yawa wasu ƙananan tsakuwoyi ne na kunnen ciki suka bar mazauninsu. Likita zai kwantar da shi ya juya kansa ta wasu kusurwoyi a jere su koma, cikin minti goma, ba allura ba ƙarin ruwa. Ƙwayoyin jiri da ake sha wata da watanni ba sa mai da su. Amma jirin da ya zo da nauyin harshe, ko gani biyu-biyu, ko kasa tsayawa, ko mutuwar hannu, wannan ba na kunne ba ne, sashen gaggawa za a nufa. Haka dattijo mai ciwon suga da kunne ke hana shi barci da zafi fiye da abin da ake gani a ido: ciwon kan shiga ƙashin gindin kai, kuma maganinsa na makonni ne, tare da saita sugan.